Yarinyar da Ke Kiran Wayar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana. Na ji ƙaraminki ya fara tafiya har yana jan zanen Inna, Allah ya raya mana shi. Ni ma ƙalau nake, sai kewar gida.

A saƙonki kin ba ni labarin wata yarinya mai ladabi da ke yawan kiran wayar Baba, in ke ko Inna kuka ɗauka sai ta ce shi take nema, ta ƙi faɗin dalili. Kuka ce 'yar damfara ce, kuna ta dariya. Ni ban yi dariya ba, Yaya, domin aikin da nake yi ke nan tun da aka ba mu hutu.

Kin san makaranta ta tura ni koyon aiki a kamfanin inshorar lafiya. Na zaci magani zan riƙa bayarwa, ashe ko ƙwaya ɗaya ba zan taɓa ba. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, kowa da teburinsa da waya a kunne. Idan mai hawan jini ko ciwon suga ya daina zuwa karɓar maganinsa, kantin magani ya sanar da mu, mu kuma mu kira shi mu ji dalili. Shugabarmu, wadda ba ta san wasa ba, ta ja mini kunne tun ranar farko cewa da mai ciwon kaɗai ake magana, domin sirrinsa ne. Ko matarsa ce ta ɗauka, sai dai in ce a gaya masa na kira.

Akwai wani dattijo tela mai barkwanci da na yi ta kira. Ya ce ai ya warke sarai, in kawo yadi ma ya ɗinka mini rigar gama karatu. Na yi masa bayani cewa hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, ya ce ya ji, gobe zai je. Bai je ba. Daga baya 'yarsa ce ke ɗaukar wayar, ni kuma in bar saƙo in kashe. Makon jiya ta ce mini yana asibiti, rabin jikinsa ya shanye, ba ya magana. Ta gane muryata. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ta yi ko dama a kan wannan nake ta kira. Ta ce kullum suna ganin kwalbar maganin a aljihunsa, ba wanda ya taɓa buɗewa ya ga ba komai a ciki. Shugabarmu ta ce na bi ƙa'ida, amma har yau abinci ba ya yi mini daɗi.

Baba ma irin wannan inshorar gare shi tun da ya yi ritaya. Shekaranjiya na kira shi, ya ce garau yake, jirin da yake ji na zafin rana ne, wai ni likitar gida in daina sa masa ido. Ya yi dariya ya canza magana da sauri. Ni ba ya jin maganata, har yanzu gani yake ni ce mai ihu in an ɗauko allura. Ke yake jin nauyi. Don Allah kada ki tambaye shi ko yana shan maganin hawan jininsa, cewa zai yi yana sha. Ki buɗe kwalbar da hannunki, ki kai shi a auna jininsa ranar da takardar nan ta iso. In yarinyar ta sake kira, ki miƙa masa wayar ki zauna kusa da shi. Kada ku ji haushinta, an hana ta gaya muku ne.

Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan tukuna. Ki gaida maigidanki da yara, da Kawu da Gwaggo. In kun dawo daga awon, kada ki kira ni, Yaya. Ki sa Baba ya kira da kansa, muryarsa nake so in ji.

Taki,
Ƙanwarki