Wayar da Baba Ya Bari

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan gaisuwa, albishirinki! Kin tuna kifin katakon nan mai jan ciki, na ƙarshe da Baba ya sassaƙa don fatsa kafin rasuwarsa, wanda kika bar mini amana? Na ciro shi daga akwatinsa. Yaya, da kin ga abin da Baba ya ɗaure ƙugiyoyin da shi! Wata siririyar wayar jan ƙarfe, da farce ma sai ki lanƙwasa ta. Allah ya jiƙan Baba, amma ya iya tsimi. Na je kanti na zaɓo zobban ƙarfe masu tauri, waɗanda sai da filaya suke buɗuwa, na canja duka. Asabar zan gwada shi sau ɗaya kawai. Ko kada ne ya kama, ba ya kuɓuta.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya.

Yaya, kifin ya tafi. A jifa na uku ƙugiya ta maƙale a saiwa can ƙasan ruwa. Na ja, na ja, zobban nawa ko gezau. Zaren ne ya tsinke. Na yi nutso har kunnena ya toshe, ban ga ko jan fentinsa ba.

Na kai kukana wurin Maƙeri, aminin Baba, na nuna masa tsohuwar wayar. Salati ya yi ta yi. Ashe da gangan Baba yake sa mai laushi, don in ƙugiya ta maƙale, wayar ta warware, ƙugiyar ta tsaya can, kifin katakon ya dawo hannu. Shekara arba'in yana fatsa, ko ɗaya bai taɓa bari a ruwa ba. Ni kuwa ina ta yi masa dariya, wai tsimi! Wayyo ni, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo gida na ɗaga tsumman da ke ƙasan akwatin. Wayoyi ne dami guda, ya yanke su daidai tsawo, ya ɗaure da zare, sun ishi mutum shekaru. Ga su nan a gabana, Yaya, amma babu abin da zan ɗaura wa.

Don Allah ki yafe mini.

Ƙaninki,
Auta