Ba Zan Gyara Bakin Buba Ba

Assalamu alaikum Adda Fanta,

Ina gajiya, ya zaman Legas? Ya Hamma da yara? Mu nan Demsawo lafiya lau, Inna tana gaishe ki.

Kin tuna labarin matasa masu shan jini da nake rubutawa? Na kai wa wani mai buga littattafai a Jimeta, wai sai na gyara bakin mutanena. Buba, mai shan jinin, ba ya taɓa cewa yana jin yunwa. Ko jikinsa na rawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙoshi." Mutumin ya ce dodo ba ya kunya. Na ce wannan dodon a Yola ya girma.

Abin da ya fi ƙona min rai, Yagana, yarinyar da ta gano asirin Buba, ba ta kiran sunan garinsu, sai dai "can". Wai in sa suna! Adda, tun da muka gudo, kin taɓa jin Inna ta kira sunan garinmu?

Na kwashe takarduna na fito. In ya ƙi bugawa, da bakina zan karanta wa 'yan ajinmu.

Ki gaida Hamma. Ki yi min addu'a, amma ba ta haƙuri ba.

Ƙanwarki,
Aisatu