Ƙodar Auta

Litinin, 5 ga Mayu

Gwaji ya fito, ƙodata ta dace da ta Auta. Na yi ta murna a ofishin likita kamar zautacciya, sai ya ce in dakata. Wai ƙibata ta yi yawa, ba za su taɓa ni ba sai na sauke kilo goma da ɗoriya. A hankali, in ji shi, wata biyar ko shida. Wata shida! Shi da yake zaune cikin sanyin ofis. Ya ga yadda ƙanina yake fitowa daga ɗakin wankin ƙoda kuwa? Fuska ta yi toka, ƙafa kumbure, ko takalmi ba ya shiga.

Ya haɗa ni da wata ma'aikaciya mai tsara wa marasa lafiya abinci. Ban je ba. Na san me za ta ce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Shayi ba sukari da safe, ƙwai ɗaya da rana, kokwamba da yamma. Shi ke nan. Ga ni kuma a gidan burodi nake aiki, wuni nake ina fito da burodi mai zafi daga tanderu, ƙamshi yana bina har banɗaki. Allah ka gani.

Talata, 13 ga Mayu

Na hau babban sikelin da muke auna buhunan fulawa, ya sauka sosai! Doguwa, wadda muke kwaɓi tare, ta kama ni a kai. "Ke kuma nawa za a sayar da buhunki?" Na yi dariya, amma sai da na dafa bango kafin in sauko.

Na lura da wani abu. In na auna kafin in shiga wajen tanderu, na sake aunawa bayan na tashi, sai in ga ya ragu da yawa. Zufa ce. To ruwan da nake ɗurawa ne ke mayar da ni baya. Daga gobe kurɓa kawai.

Asabar, 17 ga Mayu

Kaina kamar ana sara shi. Na yi wa Umma tsawa a kan murfin tukunya. Umma fa.

Laraba, 21 ga Mayu

Gashi ya cika matajina. Bakina ɗaci, Doguwa ta ce yana wari, ta faɗa ne da wasa amma na san gaskiya ne. Fitsarina ya koma kalar shayi, ɗan kaɗan. Da daddare ƙafata ta ɗaure, na ciji filo don kada Umma ta ji.

Na raka Auta asibiti. Yana kwance, jininsa na zagayawa cikin injin, ya ƙura mini ido. "Yaya, wuyanki ya yi tsawo. Kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci mana, ka taɓa ganin mai gidan burodi da yunwa? Bai yi dariya ba. Mutumin gadon kusa da shi, wanda kullum yake mana barkwanci, yau babu shi. Na tambayi nas, ta kau da kai. Ban sake tambaya ba.

Ya Allah kada ka ɗauke shi ina tsaye a kan sikeli.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ko ƙwan na daina.

Talata, 27 ga Mayu

A gadon asibiti nake rubutu, da hannun hagu a naɗe.

Asabar na jawo faranti daga tanderu, sai na ga duhu. Doguwa ta ce faɗuwa na yi kamar an sare ni, farantin ya kwanta mini a damtse. Ban ma ji ƙunar ba sai a mota. Leda bayan leda suke ƙara mini ruwa.

Likitan Auta ya zo da kansa. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja kujera ya zauna, ya ce jinina ya nuna ƙodata ta wahala, na busar da ita. Gishirin jikina ya rikice, da zuciyata ta iya tsayawa a gaban tanderun nan. Ya ce yawancin abin da na sauke ruwa ne da tsoka, kitsen yana nan daram. Wai akwai irin wannan rage cin mai tsanani da ake yi, amma a hannun likita, ana duba jini, ba mutum shi kaɗai yana zufa a bakin wuta ba.

Na ce, "Likita, a yi aikin haka nan, na yarda, ko me zai same ni." Ya ce, "Wace ƙodar zan ba shi? Wannan da kika jigata?"

An ɗage komai. Sai ƙodar ta murmure, in ta murmure. Wayyo ni. Ƙoda ɗaya yaron nan yake jira a duniya, ni kuma na kusa kashe ta da hannuna.

Laraba, 28 ga Mayu

Auta ya ƙi zuwa duba ni. Ya aiko Umma ta ce mini in na ƙara kwana da yunwa, ko a faranti aka kawo masa ƙodar ba zai karɓa ba. Ɗan rainin hankali. Ni na goye shi fa.

Na yi kuka har nas ta leƙo.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na je wajen matar abincin. Ba ta da laifi, surutu ne dai. Sau uku a rana, wai: wake, kifi, ganye da yawa, shinkafa daidai tafin hannu, burodi yanka ɗaya ba rabin sunƙi ba. In bar lemon kwalba. In riƙa sauka daga mota kafin unguwarmu in ƙarasa da ƙafa. Sikeli sau ɗaya a mako, na asibiti. Wannan makon ɗan abin da ya ragu ko faɗa ba zan yi ba. Ban ce na yarda da tsarinta ba. Ina dai bi.

Jiya na kai Auta wankin ƙoda. Shi an ƙayyade masa ruwa, ɗan kofi yake lallaɓawa wuni guda, leɓɓansa duk sun tsage. Ya zaro gorar ruwa mai sanyi daga jakarsa, ya miƙo mini.

"Shanye, Yaya. Tawa ce a cikinki, ki ba ta ruwa."

Ya kafe ni da ido, maƙogwaronsa na motsi duk kurɓar da na yi. Na shanye tas.