Zuciyar rago ce a cikin kwalbar

Yaya Safiatu,

Na fita kina barci, ban tashe ki ba. Motar makaranta ba ta jira.

Abin da kika gani ranar Juma'a a ƙarƙashin gadona zuciyar rago ce, wajen mahauci a unguwar Nyohini na karɓo. Wallahi ba asiri ba ne. Malama ta ce kowa ya tsaga ɗaya, ya zana hanyoyin jinin da ke ciki. Ruwan nan mai wari kuma na ajin kemistiri ne, shi ke hana ta ruɓewa.

Na ji abin da kika gaya wa matan gida a bakin rijiya. Na ga kuma an ware mini kwano da moɗa. Ni ce fa, wadda kika goya. Shiru na yi don kaina ya cika. Turawan asibiti da ke koyar da mu suna ɗaure kaya za su tafi, shi ya sa aka haɗa mana kemistiri da ilimin jikin mutum lokaci ɗaya. Wadda ta faɗi ɗaya, ita da aikin jinya sai dai labari. A aji ni kaɗai ce 'yar garin nan, sauran yaren Twi suke yi.

Don Allah kada ki zubar da kwalbar. Alhamis ce jarrabawa, daga nan zan binne ta da hannuna.

In ba za ki ci tuwo da ni ba, ki zauna kusa kawai. Kwana biyar ke nan ba wanda ya kira sunana sai Malama, ita ma daga takarda.

Ƙanwarki,
Ashetu