Igiyar Jar Akuyata

Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ina lafiyarki da ta yara, yaya Agadas? Mu nan Madarunfa lafiya lau.

Gwaggo, jar akuyar da kika bar mini ba ta gidan nan. Na dawo daga makarantar lekol na tarar da turke kawai, Inna ta ce an kai ta garin Safo don barbara. Na yarda, har ina tara mata harawa. Sai da Baba ya kawo buhun waken suya daga Ɗan Issa, ɗaure da igiyar da na tufka mata, na gane an sayar da ita.

Yanzu madarar waken muke sha, Inna tana sayar da sauran. Ta ce, "Sha mana, ai duk fari ne." Ina sha, ba ta da laifi. Ƙaryar ce ta ƙi haɗiyuwa. Da sun tambaye ni, wallahi da na ba su.

Ki yi mini addu'a, ki gaida kowa. Ko kin yarda in ƙara rubutowa? Nan ba ni da wanda zan faɗa wa.

'Yarki,
Rabi