Ba a Barin Rami Rabi

Arlit, Janairu 1992

Zuwa ga mahaifina, Harisu maginin rijiya, a Sabara, ƙasar Adar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da yaya Mairamu da mutanen gari baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai dai kewa.

Baba, na daina dakon siminti. Kamfanin da ke yi wa masu haƙar uraniyom hanyoyi da ramuka ya sa ni cikin waɗanda za a koya wa tuƙin pel. Pel katafila ce mai hannu ɗaya, da cokali mai haƙora a bakin hannun, tana tafiya bisa sarƙa. Ƙasar da za ka wuni kana fitarwa da guga, ita kamfata ɗaya take yi mata. Kada ka ji haushi, gaskiya na faɗa. In an gama horo, mai jarrabawa zai zo daga Yamai ya gwada mu, wanda ya ci a ba shi permi. Ita ce takardar shaida, in babu ita ba kamfanin da zai bar mutum ya hau pel ko da a cikinta aka haife shi.

Mai koya mana wani dattijo ne Ba'abzine, sunansa Akoli. Ranar farko ya cika finjalin shayi ya ajiye kusa da ƙafata, ya ce in haƙa. Ban gama ɗaga hannun pel ba shayi ya wanke mini takalmi. Ya yi dariya cikin rawaninsa, ya ce, "Nomau, hannunka tana da sauri. Ƙasa ba shi gudu, ina za ka?" Ya ce ranar da na haƙa rami shayi bai zube ba, ranar na zama direba. Dokokinsa kuwa, kada a tara ƙasa a bakin rami, kada ka ci ƙasar da kake tsaye a kanta, kada ka sauka sai cokali na zaune a ƙasa. Na ce masa biyun farko tun ina yaro aka koya mini su, da igiya a gadon baya.

Ina zaune a Bukkoki, bayan gari, cikin ɗakin ganga da kwali. Garin nan ba itace, ba tsuntsu, ko kukan zakara sai an yi sa'a. In na dawo da marece babu mai ce mini ina gajiya. Ka sa ni cikin addu'a.

Ɗanka mai biyayya,
Nomau

*

Sabara, Fabrairu

Zuwa ga Nomau.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Malam Muktari ya karanta mini, shi ne kuma ke rubuta wagga. Na ce mai abin da na hwaɗa shi sa, kada shi gyara mini baki, tunda kai har Hausarka ta koma ta birni.

To, ɗan katahila! Mun ji ka samu jaki mai shan man gazuwal. In tambaye ka, ƙarhen nan naka yana jin ƙanshin ruwa? Yana lasar laka shi san gishiri na tahe? Ita kuma takardar shaida, ni wa ya ba ni? Tawa shaida tana garuruwan Adar, mata na jan ta da guga kullum sahe. Amma zamani riga ne, na sani, ban hana ka ba.

Ba'abzinen nan mutum ne, ka gaishe mini shi. Wanda ya san ba a tara ƙasa bakin rami, ko ba gidanmu anka haihe shi ba, namu ne. Ka riƙe shi da kyau.

Nan kam sai haƙuri. Damana ta yi muna rowa, rumbu ya kusa nuna gindinsa. Rijiyar gari ruwanta ya gudu ƙasa, mata na wuni bakinta su koma da laka. Na ɗauko dagina na shiga, ina ƙara mata zurhi. Mairamu na ta hwaɗa wai na tsuhwa. Na ce mata ƙasa ba ta tambayar shekaru.

Ka san dokar gidanmu, ba a barin rami rabi. Tunda ka shiga wanga, ba ka hitowa sai ka ga ruwa. Gadonka na nan, yayarka ta shanya albasa bisa. Ni ba kewarka nike ba, igiya ce dai ta rasa mai riƙon kirki. Allah shi yi maka albarka.

Ubanka,
Harisu

*

Arlit, Afrilu

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, ba daga gare ni ba ne. 'Yan tawaye sun matsa wa hanya, yanzu mota ba ta fita ita kaɗai. Sai an tara ayari, soja gaba soja baya, shi ma ba kullum ba. Wasiƙa da gero da mutum duk shi suke jira.

Ban samu isar da gaisuwarka ba. Wata safiya Akoli bai zo aiki ba, har yau bai zo ba. Wasu sun ce kama shi aka yi, wasu sun ce duwatsu ya shiga wurin 'yan tawaye. Na je gidansa na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta kowa ya kau da kai. A garin nan yanzu ba a tambayar inda mutum yake da ƙarfi. Finjalinsa kawai na samu a ƙarƙashin kujerar pel.

Ga shi kuma an ce uraniyom ya faɗi a kasuwar duniya. Kamfani na ta sallamar mutane, abokan horona sun watse, wasu sun nufi Aljeriya, wasu gida. Shef, wato shugaban aiki, ya tara mu da muka rage, ya ce za a rufe horon. Mai jarrabawa zai zo sau ɗaya, daga shi babu wani. Wanda ya kuskure, wahalarsa ta tashi a banza.

Wanda aka ba mu a madadin Akoli zama yake a inuwar tanki yana jin rediyo. Ni nake cika finjalin da kaina in ajiye. Jiya na haƙa rami har tsayin mutum, na duba, ko ɗigo bai zube ba. Na waiwaya in nuna wa wani, ba kowa sai tsakuwa. Wallahi Baba sai da na yi hawaye, na shanye shayin da sanyinsa.

Yaya rijiya? Ka bar wa matasa shiga, don Allah.

Ɗanka,
Nomau

*

Sabara, Mayu

Nomau, ina gaishe ka. Ni ce yayarka Mairamu, da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da karkatar baƙaƙen. Baba bai san na rubuto ba.

Waɗanne matasa kake cewa shi bar ma shiga? Duk kun tahi cin rani, gari daga tsohi sai mata. Shi kaɗai ke shiga, mu muke riƙe mai igiya. Ranar kasuwa ya girgiza igiya munka jawo shi, ya zube bakin rijiya bai san inda yake ba. Ƙirjinsa ne. Mun kai shi asibitin Tawa cikin amalanke da mota, sunka ba mu ƙwayoyi sunka ce mu koma gida da shi. Ka san abin da wannan ke nuhi, ba yaro kake ba.

Baki kam yana nan, har yanzu yana zagin kununa. Amma ba shi tashi, kuma in iska ta motsa ƙyaure sai shi ce wa ya shigo. Ba shi hwaɗin wanda yake jira, ni na sani. In kana son ka tarar da shi, ka taho. Na hita hakkinka.

Yayarka,
Mairamu

*

Arlit, Mayu

Baba, assalamu alaikum. Yaya jiki? Allah ya ba ka lafiya.

Kada ka yi wa Mairamu faɗa, daidai ta yi. Wasiƙarta ta same ni ayari ya riga ya ɗaure kaya, ba wuri ko a bisa buhu, sai wannan takarda na samu na cusa wa wani direba. Ayari na gaba shi ne zai kawo mai jarrabawa. Ayarin kwana yake yi ya juya kudu, jarrabawa kuma sai bayan ayarin ya tafi za a soma. Ba yadda za a yi in haɗa biyun. Na yanke shawara, zan hau shi in taho. Takarda ba ta fi uba ba.

Ɗanka,
Nomau

*

Sabara, Yuni

Zuwa ga Nomau. Malam Muktari ke rubutu, ni ke magana, sai dai ina hutawa tsakani.

Na ji shawararka, kuma ban yarda ba. Wagga takarda za ta zo maka cikin motar da kake son hawa. Ka karanta, ka bar motar ta tahi.

Kai likita ne? In ka zo mi za ka yi mini, ka zauna ka zuba mini ido kamar mai gadin hatsi? Ranar da kakanka ya cika ina cikin rijiyar mutanen Tabalak, saura kaɗan in taɓa ruwa. Anka leƙo anka hwaɗa mini. Na yi kukana can ƙasa, na ci gaba da sara, don shi ya koya mini haka. Ramin da anka bari rabi ba shi ba kowa ruwa, sai dai akuya ta hwaɗa ciki.

Na raina ƙarhenka da baki, amma duk wanda ya zo gaishe ni sai na ce mai ɗana na tuƙa abin da ke cin dutse. In ka taho hannu wohi, ka ƙaryata ni gaban mutane. In ka tsaya, na yahe maka duniya da lahira, ko mun gana ko ba mu gana ba. Ina son ganinka, Nomau. Malam, sa wannan ma, ba komi. Amma ka tsaya.

Allah shi yi maka albarka.

Ubanka,
Harisu

*

Arlit, Yuni

Zuwa ga mahaifina.

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki ya yi sauƙi.

Na je tasha da jakata, a nan aka miƙo mini takardarka. Na karanta, na tsaya har motar ƙarshe ta ɓace, sannan na koma Bukkoki. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan jaka ba.

An yi jarrabawa. Mai gwajin ya sa na zagaya pel ina nuna masa mai da ruwa da sarƙa, ya yi mini tambayoyi da Faransanci, na amsa iya ƙarfina. Sannan aka ja igiya a ƙasa, aka ce in haƙa rami a miƙe, gindinsa a daidaice, in loda wa babbar mota ƙasa ba tare da cokali ya taɓa jikinta ba. Kafin in hau na cika finjalin Akoli na ajiye. Mutumin ya ce, "Wannan fa?" Na ce malamina ne. Ya dube ni, ya ce in soma. Na yi bisimilla kamar yadda kake yi kafin saran farko. Da na gama na zaunar da cokali a ƙasa, na sauko da finjalin a cike.

Baba, na ga ruwa. Permi na cikin aljihuna, da hotona da hatimi. Aiki kam babu tukuna, pel-pel ɗin ma an jera su a fili ba mai tayar da su, amma an ce wata rana za a nemi masu takarda. Ayari na gaba ina ciki, zan kawo maka ita ka taɓa da hannunka, ka zage ta son ranka. A ce wa Mairamu ta kwashe albasarta.

Ɗanka,
Nomau

*

Sabara, Yuli

Nomau, ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar rashi. Baba ya cika tun kahin takardarka ta iso. Bai sha wuya ba. Malam Muktari ya karanta muna ita tsakar gida, kowa ya ce barka.

Rijiya ba ta kai ruwa ba. Daginsa na can ƙasa inda ya sake shi. Mutane sun so su sa a hiddo mai shi tun yana da rai, ya hana. Maigari ya ce mai, "Harisu, yau kai ne da barin rami rabi?" Baba ya ce, "Wa ya ce na bari? Ina da ɗa."

Na kwashe albasa. Igiya na rataye inda ka san ta. Allah shi kawo ka lahiya.

Yayarka,
Mairamu