Ɗigon Jan Farce a Teburin Taga

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya tara mu da safe, ya ce mutane sun koyi yankar tikitin jirgi a wayoyinsu, tebur biyu sun yi wa ofis yawa. Ƙarshen wata ɗaya za ta tafi, ko ni ko Anti. Yana magana yana kallon silin, kamar can muke zaune.

Anti ta ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ƙanwata." Na ce amin, amma ni na riga na zaɓa. Ita ta koya mini aikin nan, na sani, ba sai an tuna mini ba. Kowa tasa ta fisshe shi.

Laraba, 5 ga Maris

Sabuwar burauza, manhajar da muke shiga intanet da ita, ta fito, na sauke a kwamfutata don in gwada. Tana da gudu, ba ƙarya, shafin kamfanin jirgi kafin ka ƙifta ido ya buɗe. Sai dai rubutunta siriri ne, launin toka a kan fari, kuma ta kwashe maɓallai daga sama ta jera su a gefe. Har sauya musu wuri take yi da kanta, wai gwargwadon wanda ka fi taɓawa. Ta burge ni.

Kunkuru, wato Anti, ko leƙowa ba ta yi ba. A nan dai zan iya kiran ta da sunan da ya dace da ita.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na gano abin da Anti ke ɓoyewa. Ba ta gani.

To, tana gani, amma dishi-dishi. Na tsaya a bayanta ina jiran firinta, na lura ba karanta fuskar kwamfuta take ba, hannunta ne ya haddace wuraren. Akwai ɗigon jan farce a kan madannai, da wasu a kan tebur inda take tsayar da maus. Dā na ɗauka ƙazanta ce. Shi ya sa kullum take ce wa baƙo, "Faɗa mini sunan da bakinka, harafi-harafi, na fi son haka." Mutane kuwa su yi ta yaba mata natsuwa. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Da yamma ina latse-latse a sabuwar, na taɓa wata alama mai siffar kunne, sai muryar mace ta fara karanta shafin a fili. Kusa da ita akwai wata da ke ƙara girman rubutu. Na yi maza na kashe. Anti na can tana zuba wa shukarta ruwa a bakin taga.

Litinin, 10 ga Maris

Na nuna wa Manaja gudun abin. Na ce ya kamata ofis ya zama bai ɗaya, kada baƙi su ce mun tsufa. Kalmar nan kawai na jefa, ya cafke. Ya ce in saka wa kowa, in goge tsohuwar.

Na saka mata lokacin da ta fita cin abinci.

Talata, 11 ga Maris

Dariya ta kusa kashe ni, sai da na shiga banɗaki. Hannunta ya tafi inda ya saba, babu komai a wurin. Ta latsa, talla ta buɗe. Ta sake latsawa, shafin ya rufe gaba ɗaya. Ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashi.

Ta kira ni a hankali. "Ƙanwata, don Allah mayar mini da tsohuwar."

Na ce masu ita sun daina yin ta, Anti, ba a samu. Ta ce to.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta fara manna sababbin ɗigo. Burauzar ta sake jera maɓallan. Aikin banza.

Talata, 18 ga Maris

Ta zo da ledar lemo ta ajiye mini, wai na gaji da taimakon ta. Taimakon da nake yi shi ne in nuna mata wuri da yatsa in ce, "Ga shi nan ƙiri-ƙiri, Anti," da ƙarfi yadda Manaja zai ji. Na sha lemon, akwai zaƙi.

Ta tambaye ni, "Babu wani abu a cikinta da zai sauƙaƙa wa irinmu?" Na ce ni dai ban gani ba.

Juma'a, 21 ga Maris

An yi ta yau.

Wani dattijo mai sayar da taya ya dawo daga filin jirgi da jakarsa a hannu. 'Yarsa za a yi wa aiki a asibiti gobe, Anti ta yanka masa tikitin wata mai zuwa. Bai yi zagi ba, dā ma ya yi da ya fi sauƙi. Zama ya yi a benci yana cewa, "Na ce mata zan zo kafin a shiga da ita."

Manaja ya fito, ya juya kwamfutar Anti, ya ce ta karanta masa layin farko. Gaban baƙi, gaban kowa. Ta matso da fuska kusa da gilashin. Ya ce, "Layi ɗaya kawai, Anti." Ta buɗe baki ta faɗi abin da ke layin farko a tsohuwar burauza, kalma bayan kalma, babu kuskure. Ba shi ne a wurin ba.

Ni na samo wa dattijon kujera a jirgin jibi. Manaja ya ce Allah ya yi mini albarka. Jibi dai ba gobe ba ne, amma wannan ba laifina ba ne.

Asabar, 22 ga Maris

Barci na yi sosai. Na rubuta don kada wani ya zata.

Litinin, 31 ga Maris

Ta tafi. Ta haɗa kofinta da matashin kujera a kwali, ta bar mini shukar, ta ce kada in cika mata ruwa. Na raka ta bakin ƙofa saboda idon mutane, har da cewa za mu yi kewa.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Muryar matar nan tana da daɗi kuwa."

Na ce wace mata?

"Wadda ta fara karanta miki shafi ran nan, kika kashe ta. Idona ne ya tafi, ƙanwata, kunnena lafiyarsa ƙalau. Jira nake ki faɗa mini da kanki."

Ta saki hannuna, ta sauka matakala tana lalube da ƙafa. Ko juyowa ba ta yi ba.

To wa ya hana ta tambayar wani? Taurin kai ne kawai. Ni ta ga za ta ɗora wa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na koma teburin taga, wanda Anti ta bari. Rana na dukan gilashin, da la'asar sai na ƙanƙance ido kafin in ga kwanan wata. Siririn rubutun nan ma an cika iyayi da shi.

Burauzar ta fito da tambaya, wai yaya na same ta, taurari nawa zan ba ta. Na rufe. Alamar kunnen nan na ɓoye ta, ba na son ganin ta.

Manaja ya ce in goge jan farcen da ke tebur, yana ɓata wa ofis kyau. Na sayo abin gogewa tun Talata, yana cikin jakata. Lokaci ne dai ban samu ba. Shukar kuma na ba ta ruwa kaɗan, yadda aka ce.